Jikata ta ga Darbut Tabbana tana shekara 9

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku da aiki, da fatan iyali suna lafiya.

Ni haifaffen Makka ne. Mahaifina ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratso Sudan, kuma har ya rasu yana ba mu labarin tafiyar dare da suka riƙa yi don gudun zafi, taurari na nuna musu gabas. A bakinsa na san Gamzaki, da Zara matar wata, da Kaza da 'Ya'yanta wadda Larabawa ke kira Surayya. Sana'ata rubutun allunan shaguna, kafin kwamfuta ta karɓe mana ita. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shirinku na kimiyya, wanda nake saurare kullum, amma ban taɓa jin kun gayyaci mai zane ko mawaƙi a ciki ba.

Kwanakin baya muna hanyar Madina da dare, motarmu ta tsaya a wurin da babu fitila ko ɗaya. Jikata ta ɗaga kai, sai ta riƙe mini riga ta ce, "Kaka, mene ne wancan hayaƙin?" Ba hayaƙi ba ne, farin zanen nan ne da ya ratsa sama wanda ake kira Darbut Tabbana. Shekararta 9 ba ta taɓa ganinsa ba, domin a unguwarmu hasken lantarki ya shanye sama. Ba ita kaɗai ba ce: wani bincike da aka fitar a 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganinsa daga inda suke zaune. Da muka dawo gida na ba ta baƙar takarda da farin fenti. Tana cikin ɗiga taurarin nan ta fara tambayoyin da littafin makaranta bai taɓa sa ta yi ba. Me ya sa wani ja wani fari? Ina suke tafiya da rana?

Wannan haɗi na zane da ilimin taurari tsoho ne. Wajen shekarar 964 Abdurrahman Assufi ya rubuta littafinsa na surorin taurari, rukuni 48, kowanne ya sa an zana shi sau biyu, yadda ake ganinsa a sama da yadda yake a jikin ƙwallon nazari. A ciki ne ya ambaci wani "ƙaramin gajimare", wanda yau aka san tarin taurarin Andromeda ne. Mai lissafi ne, amma bai raina mai zane ba. Haka hoton duniya tana ɓullowa daga bayan wata, wanda 'yan kumbon Apollo 8 suka ɗauka a Disambar 1968, ya taɓa zukatan jama'a a kan kula da ƙasa fiye da jawabai masu yawa.

Na san abin da wasu iyayenmu a nan za su ce, don na sha ji: zane akwai magana a kansa, taurari kuma aikin masu duba ne. Tauraro dai ba shi da rai balle a ce an zana mai rai. Kuma falaki daban, bokanci daban. Da falaki ake sanin lokacin salla da tsayuwar wata, ga shi Suratun Nahli ta ce da tauraro suke shiryuwa. Duk wanda ya hau gidan tarihin da ke saman dogon ginin agogon Makka ya ga hakan da idonsa.

Asarar duhu kuma ba ta tsaya kan yara ba. 'Ya'yan kunkurun teku da ke ƙyanƙyashewa a gaɓar Bahar Maliya, irin su Ras Baridi a arewacin Yanbu, hasken saman ruwa suke bi su shiga teku. Fitila mai ƙarfi a tudu takan juya su, su nufi inda za su mutu. A Al'ula, can arewa da Madina, an ware wurare kamar Garamil inda ake kare duhun dare kamar yadda ake kare namun daji. Abin a yaba ne, sai dai talakan unguwarmu ta Jarwal yaushe zai kai ɗansa can? Rayyana Barnawi, 'yar sama jannatin Saudiyya, ta je tashar sararin samaniya a Mayun 2023, kuma sunanta kaɗai ya ishe mu sanin alaƙarta da Barno. 'Yan matanmu sun yi ta murna, amma murnar ta wuce ba a ɗora komai a kanta ba.

Ga roƙona. Kowace shekara wajen 27 ko 28 ga Mayu, da kuma 15 ko 16 ga Yuli, rana takan tsaya daidai kan Ka'aba lokacin azahar, inuwa ta ɓace a Makka. A watan Mayu abin kan zo wajen ƙarfe 12:18 agogon nan, wato 10:18 na safe a Kano. Ku shirya shiri a ranar. Yaro a Kano ko Zinder ya kafa sanda, ya ja layi da alli a kan inuwarta, ya ga alƙibla da hannunsa, namu na nan su zana sandar da ta rasa inuwa. Ku haɗa masanin falaki da mai zane a ɗaki ɗaya, ku kuma nemo tsofaffi su faɗi sunayen taurari da Hausa tun suna raye. Ni guda uku kacal na riƙe cikin waɗanda mahaifina ya sani.

Naku mai sauraro,
Wani tsohon marubucin alluna,
Jarwal, Makka.