Tufafin roba masu fitilu: a fara auna wanda zai shiga ciki

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani aikin hannu da matasa da dama suka ɗauka da muhimmanci, wato ɗinka irin tufafin da ake gani a jikin 'yan sama jannati da mutum-mutumi da mayaƙan wasu duniyoyi a cikin ƙagaggun labaran kimiyya. Masu wannan aiki a gida suke yin sa, da keken ɗinki da almakashi da gam. Suna zaɓar yadi mai rufin roba saboda ƙyallinsa da yadda yake kama jiki, sannan su bi shi da wayoyi da ƙananan fitilu har rigar ta riƙa haske a cikin duhu. Ina ganin ƙimar abin ƙwarai, domin duk wanda ya kammala riga guda irin wannan ya taɓa ɗinki, ya taɓa lantarki, ya san halin sinadarai, kuma ya koyi haƙuri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawancin masu farawa suna tsara rigar ne bisa hoton da suke so ta bayar, sai can a ƙarshe su tuna cewa akwai mutum mai jini da numfashi da zai shafe sa'o'i a cikinta. A ganina daga wannan mutumin ya kamata a fara, kuma kowane yanka da kowace waya su bi abin da jikinsa zai iya ɗauka.

Abin ba na yau ba ne. A shekarar 1939, a taron duniya na farko na masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya da aka yi a birnin Niu Yok na Amurka, Forrest J Ackerman da Myrtle Douglas sun halarta sanye da tufafin mutanen wani zamani mai zuwa, kuma ita Myrtle ce ta ɗinka su da hannunta. Abin da ya sauya tun daga lokacin shi ne kayan aiki, kuma a nan ne alheri da haɗari suka shigo tare.

Shi yadi mai roba an ƙirƙiro shi ne don ya hana ruwa wucewa. A 1823 Charles Macintosh, wani masanin sinadarai ɗan Sikotland, ya yi rajistar hanyar narkar da roba a shafa ta tsakanin ƙyalle biyu, aka riƙa ɗinka rigunan ruwa da shi. Rigunan farko suna wari, suna ƙandarewa idan an yi sanyi, suna danƙo idan an yi zafi, har sai da Charles Goodyear ya gano yadda ake dafa roba da farar wuta, ya yi rajistar hanyar a 1844, sannan aka rabu da matsalar ƙandarewa da danƙon. Matsala ɗaya ce ba a rabu da ita ba har yau, domin ita ce ainihin aikin yadin: abin da ya hana ruwan sama shiga, shi ne zai hana gumi fita. Jikin ɗan Adam yana zaune ne a kusan digiri 37, kuma babbar hanyar da yake rage zafinsa ita ce gumi ya fito ya bushe a iska. Idan aka lulluɓe shi tun daga wuya har idon sawu da abin da iska ba ta ratsawa, gumin zai yi ta fita amma ba zai bushe ba, sai mutum ya koma kamar tukunyar da aka rufe a kan wuta. Jiri da ciwon kai da tashin zuciya su ne alamun farko, kuma idan zafin jiki ya haura digiri 40, magana ta koma ta ceton rai.

Saboda haka tun a kan takarda ya kamata a yanke shawarar inda iska za ta shiga. Hamata da tsakiyar baya da bayan gwiwa wurare ne da ido bai cika kai wa ba, kuma idan aka sa musu yadi mai raga, baƙi ko mai launin rigar, ba wanda zai lura a hoto. A yi wa rigar shafi da ƙyalle mai jan gumi, ko a sa wata siririyar riga a ciki. Riga da wando a rabe sun fi wadda aka haɗe gaba ɗaya sauƙin cirewa. Sai kuma batun zif, wanda nake so a kula da shi fiye da kima: ana son ɓoye shi a baya don kada ya ɓata kwalliya, amma rigar da mai ita ba zai iya buɗe ta da hannunsa ba, cikin daƙiƙoƙi kaɗan, alhali kansa yana juyawa, ba a gama ɗinka ta ba tukuna. Idan akwai hular kwano mai rufe fuska, a huda mata kafofi a ƙasa da sama, a sa mata ƙaramar fanka, domin numfashin da mutum ya fitar yana taruwa a ciki, gilashin kuma yana yin hazo har ya daina ganin gabansa. Yaro ƙarami kuwa, wanda ba lallai ya faɗi cewa ya galabaita ba saboda murnar kayan, ban ga dalilin rufe shi ruf a cikin roba ba ko na ɗan lokaci ne.

Ba duk abin da ake kira yadin roba ne iri ɗaya ba, kuma rashin bambance su yana jawo asarar kaya. Akwai yadi mai talewa da aka shafa wa siririn rufin leda a fuska ɗaya, wanda shi ne mafi sauƙin sarrafawa a keke. Duk inda allura ta huda shi, hujin ya zauna ke nan, don haka ba a soka masa fil sai a gefen da ɗinki zai rufe, ba a kuma warware ɗinki a sake ba tare da an bar tabo ba. Yana manne wa ƙafar keke, sai a sa ƙafa mai santsi ko a shimfiɗa siririyar takarda a kai a yage ta bayan an gama. A tsawaita taku zuwa milimita 3 ko 4, domin ƙananan taku a jere suna mayar da layin ɗinki wurin da yadin zai yage. Dutsen guga kuwa kada ya taɓa fuskarsa. Akwai kuma niyofirin, robar da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1930, wadda ake yin rigunan masu nutso a teku da ita. Tana da kauri, tana ba riga siffa mai kyau, amma an yi ta ne don ta riƙe ɗumin jiki a cikin ruwan sanyi, ga shi kuma za a sa ta a zauren da ya cika da jama'a. Na uku shi ne shimfiɗaɗɗen danƙon bishiyar roba, wanda galibi ba a ɗinka shi, liƙa shi ake yi da gam. Man shafawa na fetur yana cinye shi, hasken rana yana tsofar da shi, jan ƙarfe da tagulla kuma suna bar masa tabon da ba ya fita, abin da mai shirin bin sa da wayoyin lantarki ya kamata ya riƙe a ransa. Mafi muhimmanci, akwai mutanen da wannan danƙo yake tayar wa da borin jini, daga ƙaiƙayi da kumburi har zuwa sarƙewar numfashi, saboda haka a tambayi wanda zai sa kayan tun kafin a sayi yadin.

Idan aka zo ga haske, hanyoyi biyu ne suka fi yawa, kuma kowace da halinta. Ta farko ita ce waya mai haske da ake kira EL. A tsakiyarta akwai sandar jan ƙarfe da aka lulluɓe da wani gari mai haskawa, aka naɗe shi da wasu wayoyi sirara kamar gashi, aka rufe duka da leda. Asalin ilimin yana komawa ga Georges Destriau, wanda ya nuna a Faransa a 1936 cewa irin wannan gari yana ba da haske idan aka sa shi cikin lantarki mai kai-komo. Kyawunta shi ne tana ba da layin haske guda ba yankewa, kuma ba ta zafi. Amma haskenta mai laushi ne, da rana kusan ba a ganin sa, kuma yana raguwa da yawan amfani. Tana buƙatar ƙaramar inbata da ke ɗaga wutar batir biyu, wato bolt 3, zuwa kimanin bolt 100, ita ce kuma ke yin siririn kukan nan da ake ji. Ƙarfin da ke gudana kaɗan ne, amma duk wanda bakin wayar da ba a rufe ba ya taɓa fatarsa mai gumi zai ji ja mai zafi. Gumi ruwan gishiri ne, yana ɗaukar lantarki, yana kuma cin mahaɗar waya, shi ya sa kowane baki da kowace mahaɗa sai an rufe su da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi.

Hanya ta biyu ita ce fitilun LED. Nick Holonyak ne ya yi mai jan haske a 1962, shuɗin kuma bai samu da ƙarfi ba sai a farkon shekarun 1990 a Japan, aikin da ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014, kuma daga shuɗin ne aka sami farin. Waɗannan fitilu suna da haske sosai, amma ba sa yafe kuskuren lissafi. Jar fitila ƙarama tana son kimanin bolt 2 da miliamfiya 20 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana, kuma miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya). Wanda ya haɗa ta kai tsaye da batir mai bolt 9 ya ƙone ta nan take, sai an sa resista, wato 'yar na'urar da ke rage gudun wuta, mai kimanin om 350 a tsakani ta shanye rarar. Su kuwa fitilun da ke jere a kan tsiri, waɗanda ake sarrafa launin kowace da ƙaramar kwamfuta, kowace ɗaya tana iya jan miliamfiya 60 idan aka kunna ta fara fat. Guda 60 kacal sun kai amfiya 3.6 ke nan, fiye da abin da ƙananan fawa-bankin wayar hannu da yawa ke iya bayarwa, kuma siririyar wayar da aka tilasta wa ɗaukar wannan nauyi za ta yi zafi a ƙarƙashin robar da ba ta barin zafi ya fita. Rage hasken zuwa kashi ɗaya cikin uku yakan wadatar a cikin zaure, kuma idan aka ɗora farin soso siriri a kan fitilun, hasken yana bajewa ya fi kyau a ido.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Yadi yana talewa, waya ba ta talewa. Duk lokacin da mutum ya naɗe hannu ko ya durƙusa, wayar da aka miƙar a kan gwiwa ita ce ke ɗaukar jan, kuma sandar jan ƙarfen da ke cikin wayar EL tana karyewa idan aka yi ta lanƙwasa ta a wuri ɗaya. Gwanaye sukan dakatar da layin haske kafin gaɓa, su tsallake ta da waya mai laushi mai silli da yawa, su bar mata rara, sannan su ci gaba a ɗaya gefen. Haka nan sukan ɗinka wa wayoyin hanya a cikin shafi yadda za a zare su idan za a wanke rigar, wadda kuwa dole a wanke ta bayan kowace fita. Yana da kyau masu farawa su sani cewa hasken da suke gani a fim sau da yawa an ƙara shi ne ko an gyara shi bayan an gama ɗauka, kuma ɗan wasan yana da mutanen da ke cire masa kayan tsakanin fitowa da fitowa, don haka ba aibi ba ne idan rigar gida ba ta kai ta allo haske ba.

Batir shi ne abin da ya fi damuna. Batirin litiyam mai laushin jiki yana da sauƙin ɓoyewa saboda rashin kaurinsa, amma idan aka huda shi, ko aka zauna a kansa, ko bakin wayoyinsa biyu suka haɗu, yana iya kumbura ya kama da wuta, kuma roba da leda suna narkewa su manne a fata. A sa shi a cikin akwati mai tauri, a rataye shi a ɗamara ta waje da rigar inda hannu zai kai, a sa fiyus kusa da shi, a kuma sa makunni guda da zai kashe komai lokaci ɗaya. Batirin da ya kumbura ko ya lotse a daina amfani da shi, kuma kada a yi masa caji yana jikin mutum. Ga wanda yake rigarsa ta farko, batura na yau da kullum da ake sa wa tocila sun fi kwanciyar hankali, ko da sun fi nauyi.

Gam ɗin da ake liƙa roba da soso da shi, da fentin robar da ake fesawa, suna fitar da tururi mai kama wuta mai kuma cutar da huhu. A yi aikinsu a fili ko a buɗe tagogi, nesa da wuta, kuma a bar kayan su sha iska sosai kafin a sa su a jiki, musamman abin da zai rufe fuska.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne idan jaridarka za ta buga hotunan irin waɗannan tufafi ko ta yi hira da masu yin su, wakilanka su tambaye su abin da ke cikin rigar kamar yadda suke tambayar abin da ke wajenta: ina batirin yake, ta ina iska ke shiga, minti nawa ake iya zama a ciki, wa ke tare da su idan sun fita. Ina kuma kira ga teloli da masu gyaran lantarki da su karɓi matasan da suka zo musu da irin wannan aiki hannu bibbiyu, domin telan ya san inda yadi ke ja da inda yake sakewa, mai gyaran kuma ya san kaurin wayar da za ta ɗauki amfiya 3 ba tare da ta yi zafi ba, kuma matashin da ke shirin shiga rigar yana buƙatar su duka biyun kafin ya kunna makunni.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka a kullum