Wasiƙa ga ɗana kan sunan jariri

Ɗana, bayan gaisuwa, barkanmu da samun ƙaruwa. Allah Ya raya yaron, Ya ƙara wa mai jego lafiya.

Ka ce matarka na son a haɗa wa jaririn da sunan mahaifinta, Heinrich, kana kuma fargabar yadda za mu karɓa a gida. Kwantar da hankalinka. Abin da nake dubawa a suna shi ne ma'anarsa, kuma ta wannan ba ta da aibu. Asalinsa Haimirich ne a tsohon Jamusanci, kalmomi biyu aka haɗa: ɗaya gida, ɗaya mai mulki. Wato maigida ke nan. Shi ne Turawan Ingila suka mayar Henry, Faransawa Henri, mutanen Sifaniya Enrique.

Sarakuna sun ɗauke shi da yawa. Heinrich na ɗaya ya hau sarautar Jamusawa a 919, ya kuma ci mayaƙan Magyar, wato mutanen Hungary, da yaƙi a 933. Heinrich na huɗu shi ne wanda ya tsaya kwana uku cikin sanyi a ƙofar fadar Canossa a 1077 yana neman afuwar Fafaroma. Ingila kuwa ta yi sarakuna takwas masu suna Henry.

Amma wanda nake so ka sani sosai ba sarki ba ne. Heinrich Barth, haifaffen Hamburg a 1821, ya taso daga Tarabulus a 1850, ya ratso Sahara, ya shigo Kano a farkon 1851. Abdulkarim yake kiran kansa, ya iya Larabci, ya koyi Hausa. Ya zaga kasuwa, ya ga marina da masaƙa, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu. Ya je Katsina da Zinder da Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853. Da zai koma a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe, Dorugu, wanda daga baya aka rubuta labarai da Hausa daga bakinsa a Ingila. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, wannan gaskiya ne, amma ya zauna da malamanmu ya saurare su da girmamawa.

Akwai kuma Heinrich Hertz, wanda ya tabbatar da igiyoyin da rediyo ke tafiya a kansu, har ma'auninsu ya ci sunansa.

Ba zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba. Heinrich Himmler, shugaban dakarun SS na Hitila, yana cikin manyan waɗanda suka tsara kisan miliyoyin Yahudawa. Yaron nan a Jamus zai shiga makaranta, zai kuma ci karo da sunan a darasin tarihi. Kada ka bari ya fara ji daga bakin wani. Idan ya yi wayo ka zaunar da shi, ka faɗa masa takwaransa kakansa ne na wajen uwa, ka ba shi labarin halin kakan nasa kamar yadda ka san shi.

Shawarata ita ce ka yi masa huɗuba da sunan Musulunci, shi za a raɗa ranar bakwai, Heinrich ya biyo baya a takardar haihuwa. Ka je da kanka ka sanar da surukinka, kada ka yi ta waya. Ragon suna kuwa mu za mu yanka a nan, ƙanenka ya riga ya fara taya wani. Mahaifiyarka na jiran hotuna, tana kuma gaida mai jego.

Mahaifinka.