Barka da Sallah daga Salbado, bakin tekun Burazil

Assalamu alaikum Inna,

Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ina fata kuna lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida.

Da asuba na duba agogo, biyar a nan, tara a wajenku, don awa huɗu ce tsakaninmu. Na ce yanzu suna filin Idi na Ƙofar Mata, Auta na riƙe da gefen mayafin Inna. Nan zuciyata ta karye. Mu uku ne Musulmi a jirgin ruwanmu, ni da 'yan Indonesiya biyu. Da hantsi muka shimfiɗa dardumanmu a saman jirgi, muka yi kabbarori da raka'a biyu, iska na kaɗa mana riguna. Na sa shaddar nan ruwan toka da kika cusa min a jaka ranar da zan taho.

Kwananmu tara a ruwa daga Legas. Jiya muka shigo Salbado, babban birnin jihar Bahiya, yau kyaftin ya ba mu izinin sauka zuwa magariba. Garin hawa biyu ne. Tashar jiragen ruwa da kasuwa suna ƙasa, tsohon gari yana can bisa dutse. Akwai wani lif na jama'a mai suna Laserda, tsawonsa mita 72, yana aiki tun 1873, kafin ka gama salati ya kai ka sama. Daga can na hango jirginmu ya zama ɗan mitsitsi. Yawancin mutanen baƙar fata ne irinmu, sai sun buɗe baki da yaren Fotugal kake tuna ba gida kake ba.

Inna, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Azumin nan kaf ban ga ƙosai ba. Da burodi da shayi nake buɗa baki, kullum ina tuno kwanon samiranki, ƙosai yana tururi, ga kunun tsamiya a ƙwarya. To yau ina tafe a tsohon gari sai ƙamshi ya bugi hancina. Na waiga, ga wata dattijuwa cikin fararen kaya da ɗaurin ɗankwali, ta tasa kasko a gaba tana buga ƙullu da muciya, tana yankowa da cokali tana sakawa a mai. Wallahi ƙosai ne! Farin waken nan namu, an surfe shi an markaɗa da albasa. Su akaraje suke ce masa, kin ji ya yi kusa da akara na Yarabawa. Da manja suke soyawa, kowane ɗaya ya kusa dunƙulen hannu, sai ta tsaga shi biyu ta zuba wani kauri mai gyaɗa da busassun jatan lande. Na yi mata nuni da hannu ta ba ni zalla. Na tsaya a gefen hanya ina ci idona na kawo ruwa. Ya yi daɗi, amma babu yajinki mai ƙuli, babu kunu, kuma naki ya fi laushin ciki. Tsohuwar ta dube ni, ta ƙara min ɗaya gyara.

Ba banza ƙosai ya ƙetaro teku ba. Dandalin da nake tsaye sunansa Pelorinyo, wato turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala. Cikin bayin da aka kawo nan akwai Hausawa da yawa, waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen zamanin jihadi aka sayar bakin teku. A 1807 Hausawan garin nan suka shirya bore, asirinsu ya tonu kafin su tashi. A Janairun 1835 kuma, cikin goman ƙarshe na azumi, Musulmi kimanin 600, galibinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka fito titunan nan da fararen riguna da layu. Aka murƙushe su cikin dare ɗaya. Takardun ayoyin da aka samu a jikinsu suna nan ajiye a gidan adana tarihi na jihar. Sai 1888 aka hana bauta a ƙasar. Na yi ta tunanin nawa ne cikinsu Sallah ta riska a nan, uwayensu na can Kano ko Katsina ba su san inda suke ba. Na karanta musu ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya.

Ki gaida min Baba, ki ce kuɗin goron Sallah na wajen Yaya Babba, ya raba wa yara kada a manta da almajiran zaure. Gaisuwa ta musamman ga Kaka. Ki matsa kusa da kunnenta ki ce mata mijinta ya ci ƙosai a bayan teku, kuma carbin da ta ba ni yana aljihuna ko da yaushe, ta ci gaba da sa min albarka, ta kuma daure ta riƙa shan maganin ƙafar. Auta kuwa na saya mata abin hannu a kasuwar bakin tasha, amma sai ta kawo izu biyar ɗin da muka yi alkawari. Ina gaida Goggon Fagge da yaranta, da Kawu, da matar Yaya da jaririn da ban gani ba tukuna, a turo min hotonsa da kayan Sallah. Liman da maƙwabta duk a gaishe su.

Gobe Hawan Daushe, don Allah wani ya ɗaukar min bidiyo a Ƙofar Kudu ko na minti biyu ne, in ji algaita. Jibi za mu tashi zuwa Santos, wata tashar jiragen ruwa a nan Burazil, idan an ji ni shiru rashin intanet ne a ruwa. Ki ajiye min tsamiya ta bana.

Ɗanki mai kewarki.