Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban FIFA: na'urarku ta san yatsan ɗan wasa, ba ta san kansa ba

Zuwa ga Gianni Infantino.

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Ni mai horar da yara ƙwallo ne a unguwa, ba likita ba, kuma ba zan ci maka lokaci da doguwar gaisuwa ba.

A gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022 kun kafa kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin kowane fili, suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa guda. Kun dasa na'ura a cikin ƙwallon kanta, tana aika bayani sau 500 a daƙiƙa. Duk wannan hidima don a gane ko yatsan ƙafar wani ya yi satar gida. Madalla, mun gani, mun tafa. Amma a gasar nan ce golan Iran, Alireza Beiranvand, ya yi karo da ɗan bayansu a wasansu da Ingila, hanci yana zubar da jini, aka watsa masa ruwa a fuska aka bar shi ya ci gaba. Sai da ya kwanta da kansa ya nemi canji kafin a ɗauke shi. A lokacin ina ƙirƙirarriyar basirar taku ta shiga?

Ba sai na tuna maka Christoph Kramer ba, wanda bayan ya bugu a kai a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014 ya je yana tambayar alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe. Ko Nordin Amrabat na Maroko a 2018, da aka riƙa marin fuskarsa a bakin fili wai don ya farfaɗo, ya kwana a asibiti, bayan kwana biyar aka sako shi ya buga da Portugal. Mu a nan har gobe muna tuna Sadio Mané a Bafoussam a Janairun 2022: ya yi karo da golan Cape Verde, ya tashi ya ci ƙwallo, sannan ya zauna ya kasa ci gaba. Gidan kallo ya kaure da ihun cewa namiji ne. Bayan kwana biyar yana cikin fili.

Ƙorafina guda ne. Kuna yi wa duk kawuna kuɗin goro. Minti uku na gwaji a fili, 'yan kwanaki a gida, shi ke nan, ko ɗan shekara 17 ne ko ɗan 34, ko mace ko namiji, ko buguwar farko ce ko ta huɗu. Alhali likitocin da suka san abin sun daɗe suna faɗin cewa girgizar ƙwaƙwalwa ba iri ɗaya take zuwa wa kowa ba. Wani jiri ne ke damunsa, wani idanunsa ne ba sa bin rubutu, wani wuya ne, wani barci ya ƙaurace masa ko ya zama mai saurin fushi. Hoton kai na asibiti kuma galibi lafiya lau yake fitowa. Da yawa suna warwarewa cikin mako biyu, amma a cikin yara kusan ɗaya cikin uku yakan wuce wata guda da alamomin. Wanene zai warke da wuri, wanene zai daɗe? Ido ba ya iya rarrabewa a ranar farko.

Nan ne na'ura mai koyo daga bayanai take da amfani. Ana ba ta tarihin dubban waɗanda suka taɓa buguwa: shekarunsu, jinsinsu, sau nawa suka bugu a baya, ko suna da ciwon kai mai tsanani tun asali, yadda suka iya tsayuwa da ƙafa ɗaya, motsin idonsu, har da sinadaran da ke fita cikin jini bayan rauni. Sai ta gano abin da ke maimaituwa, ta ƙiyasta wa likita cewa wannan a fara masa motsa jiki mai sauƙi, wancan kuma a tura shi ga mai gyaran jiri tun yanzu, kada a jira wata ya cika. Hukuncin na likita ne, ita dai tana haska masa fitila. A Amurka, hukumar wasannin jami'o'i da ma'aikatar tsaro sun fara tara irin waɗannan bayanai tun 2014, daga dubban ɗalibai da 'yan makarantun soja. Masu ƙwallon zari-ruga sun sa robar kare haƙori mai auna ƙarfin bugu a manyan wasanninsu tun 2024, kuma suna fitar da ɗan wasa minti 12 a duba shi a natse, wani yana riƙe masa gurbi. Kuɗinsu bai kama ƙafar naku ba. Ku da kuka tara sama da dala biliyan 7 daga 2019 zuwa 2022, kuna da ƙasashe 211 a ƙarƙashinku, ina naku rumbun?

Abin da ya fi ba ni haushi, ko mataki na farko an ƙi ɗauka. Gasar Firimiya ta Ingila da ta Faransa da ta Amurka, tare da ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, sun nemi a gwada canjin wucin gadi don likita ya samu lokaci. Hukumar dokokin ƙwallo ta IFAB, wadda rabin ƙuri'unta naku ne, ta ce a'a a Janairun 2023. Canjin dindindin na wanda ya bugu a kai da kuka shigar cikin doka a 2024 ya fi babu, amma har yanzu likita na yanke hukunci ne ana ihu a kansa, koci na kallon agogo. Wane bayani mai kyau za a tara a haka? Na'urar da aka ciyar da gwajin gaggawa, amsar gaggawa za ta bayar.

Bara wani yarona, ɗan baya, ya haɗa kai da abokin hamayya a wasan unguwa. Ruwan leda aka fasa masa a ka, ni ma na ce ya tashi. Allah Ya yafe mini. Sai bayan kwana uku mahaifiyarsa ta zo ta ce yaron ya daina zuwa makarantar dare, wai idan ya kalli allo haruffa ke rawa. Wata biyu ya yi a haka. Abokinsa da suka yi karon kuwa, washegari yana tsalle. Wannan yaron nawa ba ya cikin lissafin kowa, kuma na'urar da ta koyi aiki daga ɗaliban jami'a na Amurka ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ko gwajin da ake yi a bakin fili, akwai inda ake cewa mutum ya jero watannin shekara daga ƙarshe zuwa farko. Ka ce wa yaron da bai ƙoshi da Turanci ba ya yi haka, ko lafiyarsa ƙalau zai faɗi.

A Satumban 2024 kun ƙaddamar da gangami tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, kuka ce babu wasan da ya kai a saka rai a hatsari saboda shi. Kai ka sa hannu, ranka ya daɗe. Binciken Glasgow na 2019 kuma yana kan teburinku: tsofaffin 'yan ƙwallon Scotland sun ninka sauran mutane kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa.

Don Allah ku bar likita ya samu mintinsa goma. Ku sa kowace gasa da ke cin kuɗinku, ta maza da ta mata, daga Legas zuwa Lima, ta rubuta kowace buguwar kai da yadda ta ƙare, a tara wuri guda masana su yi aiki da shi. A fassara gwajin zuwa harsunan da 'yan wasa ke ji. Bayanan kuma su tsaya a hannun likita da mai su, kada su zama abin da kulob zai karya farashin yaro da shi.

Yaron ya dawo atisaye. Har yanzu ban bar shi ya sa kai a ƙwallo ba, kuma ba ni da wanda zai gaya mini ranar da ya kamata in bari.

Naka,
Wani kocin yara.