Sanarwa kan gyaran ɗakin rihasal

Salam ƴan uwa, barkanmu da yamma. Maganar ɗakinmu na Tudun Wada ce, nan Gusau. Jiya na tsaya tsakiyar ɗakin na tafa hannu sau ɗaya sai ƙarar ta yi ta dawo min, shi ya sa kalangu da fiyano ke cakuɗewa, mai waƙa ma ba ya jin kanshi.

Don Allah a bar zancen manna kiret ɗin ƙwai a bango don rage amon, ba shi da kauri, ba abin da yake tsinanawa, ga saurin kama wuta. Abu mai kauri da laushi ake so, tsohuwar katifa, bargo, kafet a ƙasa. Katifun za mu jingina su a tsaye a kusurwoyi don nan ne bes, wato sauti mai kauri, ke taruwa, barguna kuma a rataye su da ɗan rata daga bango kamar tafin hannu, sun fi shan ƙara a haka. Nesa da soket dai.

Amma fa amon cikin ɗaki kawai wannan zai gyara, maƙwabta za su ci gaba da jinmu, sai dai mu rage musu da toshe ƙasan ƙofa da tagar nan.

Duk mai tsohuwar katifa ya kawo ta Asabar bayan la'asar, a shanya ta a rana tukuna saboda kuɗin cizo.