Rahoton Sakatare kan Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamitin zartarwa da sauran mambobi, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta jami'an kula da ma'aikata ta aiwatar a shekarar 2024, da abin da aka yi niyya bai yiwu ba, tare da dalilansa.

An yi taron wata-wata kamar yadda aka saba, sai na watan Agusta kaɗai da aka soke saboda dokar hana fita da aka sa a Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa.

Duk wanda ke riƙe da fayil ɗin ma'aikata a masana'antun Sharaɗa ko Chalawa ko Bompai da ke Kano ya san irin shekarar da muka ratsa. A watan Yuli Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, daga naira 30,000 da aka tsayar a 2019, daga baya kuma Gwamnatin Kano ta amince da naira 71,000 ga ma'aikatanta. Sai dai kafin ƙarin ya shiga aljihun kowa, litar fetur ta haura naira 1,000, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Doka ta ɗauke wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba wajibcin biyan sabon albashin, amma ma'aikacin da ya ji abin da maƙwabcinsa ke karɓa ba ya tambayar abin da doka ta ce, takardar ajiye aiki kawai yake kawowa, wani ma ba ya kawowa, sai dai a wayi gari ranar Litinin a ga injinsa babu kowa.

Wannan hali ne ya sa kwamiti ya karkatar da ƙarfinsa ga taron bita na yini ɗaya da muka yi a watan Nuwamba kan yadda za a riƙe ƙwararrun ma'aikata, kuma alhamdu lillahi, tun kafa ƙungiyar nan ba mu taɓa yin taron da ya yi armashi irinsa ba. Zauren da wani mamba ya ba mu kyauta ya cika har sai da aka aro kujeru, kuma abin da ya fi faranta mana rai shi ne wasu masu masana'antu sun zo da kansu, sun zauna har aka tashi, alhali a da wakili suke turowa ya sa hannu ya fita.

Mafi amfanin abin da aka ji a ranar ya fito ne daga bakin wata 'yar'uwarmu da ke kula da ma'aikata a wata masana'antar robobi. Ta zo da takardun hirar da take yi da duk wanda zai bar aiki, ta rufe sunayen, ta karanta mana wasu. Ɗaya daga ciki na wani mai sarrafa inji ne da suka horar tun yana leburan wucin gadi, wanda ya lissafa mata kuɗin motar da yake kashewa kullum daga unguwarsu zuwa Chalawa da dawowa, ya nuna cewa abin da ke saura ba ya kai shi tsakiyar wata, don haka ya karɓi Adaidaita Sahu yana biyan balas. Ta ce abin da ta kai wa hukumar kamfaninsu bayan wannan hira shi ne shawarar ɗaukar hayar mota da za ta riƙa kwaso ma'aikata daga wurare biyu da safe ta mayar da su da yamma, kuma ta shaida mana cewa makara da fashin aiki sun ragu tun daga lokacin. Daga nan sai baki ya buɗe. Wani ya kawo batun abincin rana a wurin aiki, wani ya ce a nasu wajen tsayar da ranar biyan albashi wadda ba ta gocewa ya fi ƙaramin ƙari tasiri, wani kuma ya yi bayanin rancen da suke bayarwa kafin azumi da Babbar Sallah, a cire shi kaɗan-kaɗan.

Lauyan da muka gayyata ya tunatar da mu abubuwan da muka sani amma muke sakaci da su. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa, dokar fansho ta 2014 kuma ta sa mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Ya ce matashi mai takardar difloma yana duba waɗannan kafin ya karɓi aiki, kuma wurin da ke ajiye mutum shekara da shekaru a matsayin ɗan wucin gadi, ba takarda ba ƙarin girma, bai kamata ya yi mamaki ba idan wanda ya horar ya koma wajen abokin gogayyarsa. An yi muhawara mai zafi a kan takardar alkawarin zama bayan horo, inda wasu suka ce horar da ma'aikaci ba tare da ita ba kamar zuba ruwa ne a kwando, wasu kuma suka ce takarda ba ta riƙe wanda zuciyarsa ta riga ta tafi. Ba a cim ma matsaya ba, kwamiti kuma bai ga laifin hakan ba. Muna godiya ga waɗanda suka ɗauki nauyin abinci da buga takardu daga aljihunsu.

Binciken albashi da muka yi alkawarin kammalawa kafin ƙarshen shekara bai kammalu ba, kuma tun da na ji ana cewa kwamiti ya yi barci a kansa, ya zama dole in yi bayani. An tsara fom ɗin, an raba shi a taro, an sake tura shi a zaurenmu na WhatsApp, an kuma tabbatar wa kowa cewa ba za a rubuta sunan kamfani ba. Waɗanda suka cike suka dawo da shi ba su kai yawan da za a fitar da sakamako mai ma'ana ba, wasu ma sun bar gurbin albashin makanikai da masu lantarki babu komai, alhali nan ne ciwon yake. Mun fahimci cewa wasu sai sun nemi izinin mai gida, amma wata tara ya isa a nemi izini. Abin takaici shi ne, cikin waɗanda ba su dawo da fom ba akwai masu kirana da daddare suna tambayar nawa ake biyan mai walda a wasu wurare.

Horon haɗin gwiwa na masu gyaran inji ma bai yiwu ba. An sa shi a ƙarshen Oktoba, sai ya faɗa cikin kwanakin da yawancin Arewa ta zauna babu wutar lantarki sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo ta, masana'antar da ta yarda ta ba mu wuri kuma ta rufe sashen da za a yi amfani da shi saboda tsadar man gas. Da aka so ɗagawa zuwa Disamba, asusu ba shi da abin biyan mai koyarwa. Muna tunatar da kamfanonin da ke zuba kashi 1 cikin ɗari na albashin shekara ga Asusun Horar da Ma'aikata na ITF cewa suna iya neman a mayar musu da har rabin abin da suka zuba idan sun yi horo bisa ƙa'ida, kuma mun nemi masu irin wannan rajista su sanar da mu don a tsara horon ta hanyarsu. Har yau mutum biyu ne suka amsa.

Wannan ya kawo ni kan kuɗin shekara. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba, kuma kusan su ne dai waɗanda suka biya bara. Ni da Ma'aji aikin sa kai muke yi, kowannenmu yana da ofishin da yake amsa tambaya a cikinsa, kuma ba daidai ba ne a ce katin wayarmu ne zai ƙare wajen bin mutanen da aikinsu na kullum shi ne cire kuɗin wasu daga albashi a kan lokaci. Akwai waɗanda ba mu gani ba tun taron farko na shekara, amma da aka fara raba takardar shaidar halartar bita sai ga saƙonsu suna neman a ajiye musu tasu. Ba a ajiye ba.

Kwamiti ya yanke cewa duk wanda ake bi bashin shekara biyu ya biya kafin a shiga azumi, in ba haka ba za a cire shi daga zauren WhatsApp kuma ba zai yi zaɓe ba. Za a sake raba fom ɗin binciken albashi a taro mai zuwa, a cike shi a nan take kafin a tashi, sakamakon kuma waɗanda suka cike ne kaɗai za su gani. Ma'aji zai karanta lissafin shiga da fita dalla-dalla a wannan zama, da rasit ɗin kowane abu da aka kashe. Wassalamu alaikum.

Sakataren Ƙungiya