Auta, maganar hular nan

Assalamu alaikum Auta, ya Abuja, ya bautar ƙasa? Mu nan Jos duk lafiya lau.

Na ga hoton da ka turo wa yayarka a WhatsApp, kana tsaye a Kubwa da tsakar rana da hana-sallah a kanka, kunnuwanka sun yi jajir, wallahi tun lokacin hankalina bai kwanta ba. Kai fa zabiya ne ɗana, abokanka in rana ta dake su duhu kawai za su ƙara, kai kuwa ƙuna ce, kuma ƙunar nan in ta yi ta maimaituwa ita ke jawo kansar fata, tun kana firamare likita ya ja mana kunne a kai. Na san ranar da kuke sa kaki dole ka sa tasu, to amma sauran ranakun fa? Hana-sallah goshi kawai take rufewa, kunne da ƙeya da kumatu duk suna waje.

Ka shiga kasuwar Wuse ka nemi malafa mai baki zagaye, faɗin bakin ya kai inci 3, kamar yatsunka huɗu a jere. Kafin ka biya ka ɗaga ta sama ka leƙa, in kana hango haske ta saƙar to ajiye musu kayansu, rana ma ta nan za ta bi, yawancin na kaba masu araha haka suke. Gara ta yadi mai kauri, in ka samu wadda ƙarƙashin bakinta ke da duhu ta fi, saboda idonka da ba ya son ƙyalli. Ta zama da igiya kuma, kar iska ta fizge ta kana kan babur.

Daga ƙarfe 10 zuwa 4 kar ka fita babu ita ko da hadari ya rufe gari, gajimare ba ya tare rana duka, ka tuna yadda ka ƙone a nan cikin sanyi muna ganin ai ba zafi. Man kariya daga rana mai SPF 50 ɗin ma kar ka daina shafawa.

Kuma kar ka ce min kunya, kakanka da malafa ya yi noman dankali a Bokkos har tsufansa. Na tura maka kuɗin, in ka saya ka ɗauko min hoto tana kanka in gani. Allah ya yi maka albarka.

Mamanka